Bututu a Gindin Zogale

Shekara ashirin da uku ke nan ina tuƙa motar Abu Saif a unguwar Madinat Khalifa da ke birnin Doha, kuma a duk gidan abu ɗaya ne nawa, wato bishiyar zogale da ke bayan ɗakina, tsakanin katanga da wajen wankin mota. Sunana Gado. Na yi firamare zuwa aji huɗu a wani ƙauye kusa da Ikara, sauran abin da na sani a bakin hanya na tsince shi. Tun ina yaro nake fama da son abin mamaki. Na taɓa yin tafiyar yini guda a ƙasa don in ga ɗan akuya mai ƙafa biyar, ranar da ake shukar gyaɗa a gidanmu. Da na dawo na sha duka, amma na ga akuyar.

Zogalen daga wurin matata Mero ya fito. A shekarata ta uku a Doha wani mutumin garinmu ya dawo daga hutu, ta ba shi iri tara ƙulle a bakin wani tsohon ɗankwalinta, ta ce ya gaya min in daina kukan rashin kwaɗo. Na shuka duka tara, ɗaya ya rayu. Shekara bakwai da suka wuce Mero ta rasu, aka kira ni a waya ina zaune a mota a ƙofar wani kanti ina jiran uwargidan Abu Saif. Kafin in samu izinin tafiya har an yi addu'ar bakwai. Daga baya 'yan'uwanta suka sare uwar bishiyar da ke bayan ɗakinta suka gina shago a wurin. Saboda haka zogalen Mero a duniya saura nawa kaɗai. Ban taɓa barinsa ya yi 'ya'ya ba, domin mu ganye muke so, da ya fara fure sai in tsinke kan don ya ƙara yabanya. Kowace Juma'a nakan dafa ganyen, in kwaɗa da ƙuli-ƙulin da nake samowa a kantunan Asian Town, mu ci da abokina Ghali, wani Bakano mai gadin bene a unguwar Bin Mahmud.

Abu Saif, kafil ɗina, wato maigidan da takarduna ke hannunsa, dattijo ne da ya yi ritaya, ba shi da mugunta, sai dai ba ya son ƙara. Gidansa na da esi tara, kowanne da injinsa a jikin bango, daga watan huɗu zuwa na sha ɗaya suna gurnani ba hutu. Yakan ce kamar yana kwana a cikin jirgin ruwa. Wata shekara ya je hutu wata ƙasa mai sanyi, ya sauka a gidan da ba a ganin inji ko ɗaya a bangonsa. Ranar da na ɗauko shi daga filin jirgi, tun kafin mu hau babban titi ya miƙo min wayarsa ta bayan kujera.

“Duba nan, ya Gado. Suna haƙa rami, su zura bututu, ruwa na zagayawa a ciki. Da zafi gidan ya yi sanyi, da sanyi ya yi ɗumi. Duk daga ƙasa.”

Saura kaɗan in hau kan shingen titi. Na ce masa da guntun Larabcina, “Wallahi Maigida, mu mun san wannan! A garinmu randa muke binnewa rabi a cikin yashi, a inuwa, a riƙa yayyafa wa yashin ruwa. Rana na tsaka ka sa moɗa ka ɗebo, haƙoranka su riƙe. Ƙasa cike take da sanyi, mutane ne ba su san hanyar ɗebo shi ba.”

Ya ce in sake faɗa. Na sake faɗa, na ƙara gishiri. Uwargida ba ta so ba, ta ce esinta ba su yi mata laifin komai ba. Amma duk inda na kai shi a watan nan, masallaci ko asibiti ko gidan ɗan'uwansa, maganar randa muke yi. In na ce ba ni na tura shi ba na yi ƙarya.

Kamfanin da ya ɗauki aikin ya turo ma'aikata da injin haƙar burtsatse, tare da wani makanikin na'urorin sanyi mai suna Reuben, mutumin Kagoro, mai furfura kaɗan a gemu. Da ya ji ina gunaguni da Hausa a bakin get sai ya tsaya ya yi dariya.

“A'a! Baba, har nan ma kun riga mu zuwa?”

“Mu muka share muku hanya, Injiniya,” na ce. “Ka ci abinci?”

Tun daga ranar muka saba. Suka haƙa ramuka shida a farfajiyar gaba, kowanne zurfinsa ya fi tsawon hasumiyar masallacinmu. Na tsaya kan kowane rami ina leƙe har ƙura ta mayar da ni fari. Bututan ramukan za a haɗa su a manyan bututu biyu, a binne su kamar zurfin ƙugun mutum, su tafi ɗakin inji da ke bayan gida. A takardar Reuben, hanyar ta bi ta jikin katangar gabas, ta zagaya nesa da ɗakina. Na duba katangar gabas na ga rana na dukanta tun safe, ƙasar wurin busasshiya kamar garwashi. Na juya na duba gindin zogalena, inuwa luf, ƙasa da danshi domin kullum ina ba shi ruwa. Duk wanda ya taɓa girka randa ya san inda zai zaɓa.

Na samu Maigida yana shan shayi a baranda, na ce masa a bi da bututun ta gindin bishiyata, nan ne wuri mafi sanyi a gidan. Ya kira Reuben. Reuben ya saurara, ya juyo gare ni da Hausa.

“Baba Gado, ka fahimci aikin nan kuwa? Ba sanyi muke ɗebowa daga ƙasa ba. Zafin cikin gida muke kwasowa mu zuba mata. Bututun da zai fita daga ɗakin inji da ɗumi zai fita.”

“To ai duk ɗaya ne. Zafi ya tafi, sanyi ya zo.”

“Ga gidan duk ɗaya ne. Ga bishiyar ba ɗaya ba ne.”

“Kai Injiniya, shekara nawa ka yi kana shan ruwan randa?”

“Na sha, Baba. Amma ban taɓa ganin wanda ya hura wuta a gindinta ba.”

Maigida ya gaji da jin yaren da ba ya ganewa. Ya tambaya wace hanya ta fi kusa, aka ce ta gindin bishiya. Ya tambaya wacce ce ba za a fasa masa tayil ɗin da ya sa bara ba, aka ce ita ce dai. Ya ɗaga hannu ya ce, “Khalas, magana ta ƙare, a bi ta Gado. Yalla, a kama aiki.”

Da yamma Reuben ya same ni ina wanke mota. Ya ce, “Baba, ka yi min abu ɗaya. Ka sari reshe biyu masu kauri, ka dasa a wani wuri. Ko ka ba abokinka na Bin Mahmud ya sa a bokiti. Zogale ba ya wuyar kamawa.”

Raina ya ɓaci. Na ga kamar in na sari reshe na yarda ke nan cewa ban san abin da nake faɗa ba, bayan Maigida ya fifita maganata a kan ta mai takarda a gaban ma'aikata. Na ce masa bishiyar da ta sha zafin Doha shekara sha bakwai ba bututun roba ne zai ba ta tsoro ba. Ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Washegari ni da hannuna na riƙa janye saiwoyi gefe ana shimfiɗa bututu a tsakaninsu, ina lallaɓa su kada a yanke ko ɗaya.

Shekarar farko ban taɓa jin daɗi irin nata ba a ƙasar nan. Aka kwance esi tara aka jibge a sito. Gidan ya yi tsit. A karon farko na ji kukan kurciya a Madinat Khalifa, ashe suna nan tun da can. Cikin gida sanyi mai laushi, ba irin na esi mai sa ciwon wuya ba, har uwargida ta daina magana. Baƙi suka riƙa zuwa kallo. Maigida yakan zagaya da su ya nuna musu bango ba inji, ya buga ƙafa a farfajiya ya ce, “Yana nan ƙarƙashi.” Wata ranar Alhamis ya aiko a kira ni cikin majalisi, ɗakin da yake karɓar baƙi. Shekara ashirin iyakata bakin ƙofa in karɓi makulli. Ranar na tuɓe takalmi na zauna a kan kilishi mai taushi, aka zuba min gahawa a ɗan finjali, aka ce in ba da labarin randa. Na ba da, suka yi ta gyaɗa kai. Wani mai farin gemu ya ce mutanen da sun san abubuwa.

Da ɗan sanyinsu na watan ɗaya ya shigo, aka juya na'urar, ɗakuna suka yi ɗumi. Zogalena kuwa, wanda ya saba zubar da ganye a lokacin, sai ya yi kore shar kamar damina ce. Na kira Reuben a waya musamman.

“Injiniya, zo ka ga gawar da ka yi wa ta'aziyya.”

Ya ce, “Allah ya sa haka, Baba. Mu ga watan takwas.”

Watan takwas na shekara ta biyu ya zo. Na fara lura da ganyen, sababbin da ke fitowa ƙanana ne, bakinsu a murɗe. Wata safiya na fito ba takalmi zan ba shi ruwa, na taka gindin na ji ɗumi a tafin ƙafata, alhali rana ba ta leƙo katanga ba. Na matsa taku biyar, ƙasa da sauƙi. Na dawo, ɗumi. Cikin gida ma Maigida ya fara tambaya ko wani ya bar ƙofa a buɗe.

Na yi abin da na sani. In randa ta ƙi sanyi, yashinta ake jiƙawa. Na ja tiyo daga wajen wankin mota na saki ruwa a gindin, safe da rana da yamma, ina ganin tsuntsu biyu zan jefa da dutse ɗaya, bishiya ta sha, bututu ya huce. Ruwan ya riƙa shiga yana ɓacewa. Bayan mako uku wani farin abu ya fito a saman ƙasa, kamar an barbaɗa kanwa. Na lasa na ji gishiri. Na kankare na ƙara ruwa, ya dawo ya fi na da.

Ghali ya zo ranar Juma'a ya tarar ba kwaɗo. Ya tsuguna ya taɓa ƙasar, ya cire hannu.

“Kai Bazazzage! Dafa ta kake yi tun daga gindi don ka huta da kunna risho?”

“Rufe min baki, Bakano. Canjin yanayi ne.”

“Wane yanayi? Ga na maƙwabta can lafiya lau. Ka ba ni reshe in tafi da shi, akwai tsohon bokitin fenti a bayan benenmu.”

Na kusa ba shi. Na ɗaga kai na dubi rassan, na ga in na sara za a gani daga baranda, Maigida zai tambaya, ni kuma in ce me? In ce randar da na yi wa baƙinsa bayani a majalisi ta fara ƙona min bishiya? Na ce wa Ghali ya bari sanyi ya shigo tukuna, ta farfaɗo, sai in zaɓar masa mai kyau.

Sanyi ya shigo, ta ɗan farfaɗo, rabin rassan kawai suka yi ganye. Na ga ta yi rauni da yawa, ba lokacin sara ba ne. Haka na gaya wa kaina.

A shekara ta uku tun watan shida na'urar ta fara tsayawa da kanta. Ta yi aiki awa biyu, ta mutu, ta huta, ta tashi. Gidan ya zama kamar cikin mota da aka rufe. Uwargida ta kwashe kayanta ta koma gidan ƙanwarta, ni na kai ta. Maigida ya rage daga shi sai fanka a majalisi, da tawul a wuya. Aka kira Reuben. Ya shiga ɗakin inji ya daɗe, ya fito ya zura wani ɗan ƙarfe mai agogo a gindin zogale, ya duba, bai nuna min ba.

Ya yi wa Maigida bayani ina tsaye. Ya ce a ƙasar da Maigida ya ga abin nan, zafin da aka zuba wa ƙasa da rani ana kwashe shi duka da hunturu, sai ta koma yadda take. A nan kuwa wata takwas ana zuba mata, mako shida ana ɗiba kaɗan. Ƙasar Doha tun asali ma ba mai sanyi ba ce. Ramuka shida sun ƙoshi, ba su da inda za su kai sauran. Ya ce ya faɗa wa manyansa tun farko ramukan sun yi kaɗan, sun yi kusa da juna. Sai dai a ƙara haƙa wasu, ko a kafa wata na'ura a saman rufi ta riƙa fitar da zafin a iska.

“Tana ƙara?” in ji Maigida.

“Tana yi.”

Maigida ya share fuska da tawul. Ya yi 'yar dariya ya ce, “Khalas. Mun gwada. Gado, buɗe sito, a fito da esi.” Shi ke nan abin da ya ce. Kwana biyu aka mayar da duka tara jikin bango, gurnani ya dawo, uwargida ta dawo.

Da Maigida ya shige, Reuben ya zo ya tsaya kusa da ni a gindin bishiyar. Ganye bai fi a ƙirga ba.

“Baba, ka sari reshen nan kuwa?”

Na dubi rassan, ba sara ko ɗaya a jikinsu. Ya gane. Ya karɓi adda a hannun wani lebura ya ba ni, ya ce mu gwada ko yanzu. Na tone gefe ɗaya da hannu don in ga saiwa. Saiwoyin da na lallaɓa na janye gefe sun nannaɗe jikin bututun kamar sun sami uwa, na taɓa ɗaya ta narke a yatsuna, tana warin rogon da ya kwana a tukunya. Na sari rassa bakwai, waɗanda suka fi kama da masu rai. Cikinsu ruwan toka ne, ba fari ba. Na dasa huɗu a bokitai da sabuwar ƙasa, Ghali ya tafi da biyu, Reuben ya ɗauki ɗaya ya ce akwai wata nas a cocinsu mai hannun shuka, komai ta dasa yana kamawa.

Kwana arba'in ina duba bokitai kafin in duba fuskata. Na mayar da su inuwa, na mayar da su rana, na yi musu rumfa da kwali. Ɓawon ya yamutse, ya fara saɓulewa. Ghali ya daina zolayata, ya zo wata Juma'a da burodi da waken gwangwani, muka ci, ya ce nasa biyun ma sun bushe. Reuben ne ya kira daga ƙarshe ya ce, “Baba, ka yi haƙuri. Nata ma bai yi ba.”

Maigida ya lura da kututturen wata rana muna fita. Ya tambaya me ya samu bishiyar. Na ce ta mutu. Ya ce, “Wannan ce damuwarka? Shi ya sa kake ta ɓata rai?” Washegari motar masu sayar da shuke-shuke ta kawo zogale uku a baƙar leda, dogaye, masu ganye lubus. Ya yi don ya kyauta min, na sani, na kuma yi godiya. Da suka tafi na tsinki ganye ɗaya na tauna. Ba bambanci ko kaɗan a baki, kuma wannan ya fi komai ci min rai. Suna nan jere a jikin katangar gabas, mai shara ne ke ba su ruwa.

An tumɓuke kututturen, an shimfiɗa intalok a wurin don motar ɗansa Saif. Bututun ba a cire su ba, an ce wahalar ba ta da amfani. Reuben ya ce ramukan za su yi shekaru kafin su huce. Da sanyin bana ya shigo, kyanwoyin unguwa suka gano wurin, kowace safiya nakan tarar da biyar ko shida kwance a layi ɗaya, daidai inda bututun ya bi. Da a ce a gidan wani ne, da na yi tafiyar yini guda don in gani.

Har yanzu ranar Alhamis baƙi na zuwa majalisi, kuma Maigida na ba da labarin randa, yanzu shi yake bayarwa da kansa. Yakan kwaikwayi Larabcina, ya nuna yadda na buɗe hannu na ce ƙasa cike take da sanyi. Ina jin dariyarsu daga bakin ƙofa inda nake jiran makulli. Ɗankwalin Mero yana cikin akwatina, bakin da ta ƙulla irin har yau a murɗe yake. Na kwance shi na girgiza sau da yawa, ko da ɗaya ya maƙale a ninki. Tara ta aiko, tara na shuka.